Sun Ce Mannan Ya Haƙura

Alhamis, bayan La'asar

Da sunan Allah. Wannan littafi na saye shi ne domin jingar da Dokta Halima ta ba mu a jami'a, cewa kowane ɗalibi ya zaɓi yaro ɗaya ya lura da shi, ya rubuta abin da ya gani ba tare da ya sa baki ba. Ina ta neman yaron da zan zaɓa a cikin ƙananan ɗalibaina na Islamiyya. Yau an kawo mani shi har gida.

Abdulmannan ne, jikana. Mahaifinsa Kamalu ya kawo shi daga Kusada da hantsi, tare da kakarsa ta wajen uba, Hajiya Karima, da jakar kayansa da kaji biyu a ɗaure. Sun ce yaye aka kawo shi. Bai kai shekara ɗaya da rabi ba, lokacin yayensa bai yi ba, dukkanmu mun san haka, babu wanda ya faɗa.

Kamalu ya daɗe a zaure da Malam, maigidana. Da Malam ya shigo, ya gaya mani abin da ya faru ranar Talata a gidansu. Ba zan rubuta shi ba. Abin da zan iya rubutawa shi ne, mahaifiyar yaron tana asibiti a Katsina, an ɗora ta a kan maganin da ba a shayarwa da shi, kuma tana da rai. Shi ma yana da rai. Alhamdu lillahi.

Ita ce 'yar farina. Ban taɓa kiran sunanta ba, kuma hannuna ba zai rubuta abin da bakina yake jin nauyinsa ba. Mahaifiyata ce ta raine ta a Kunduru tun daga yaye, kamar yadda aka saba. Tun da aka kai ta gidan miji nake ce mata 'yar Kusada. Ita kuma Malama take ce mani, kamar ɗalibaina.

Da za su tafi, Hajiya Karima ta ɗora mani shi a cinya ta ce, "Malama, ga angonki nan. Kuka zai yi na kwana biyu shi manta. Duk haka muka yi namu."

Juma'a, bayan Asuba

Bai manta ba.

Juma'a, bayan La'asar

Yana tafiya daga ɗaki zuwa ɗaki yana leƙa bayan labule. Idan ya ji an taɓa ƙofar gida sai ya nufi zaure da gudunsa, ya faɗi, ya tashi. Idan ya ga ba ita ba ce, sai ya zauna a ƙasa ya buɗe baki.

Malam ya yi masa rubutun yaye, ya sha kaɗan, sauran ya zube a rigata. An yanka kaza ɗaya. Ulfa, autata, ta dama masa kunun gyaɗa da sabuwar gyaɗar da aka aiko daga gonar Kunduru, ya kau da kai. Ta ce, "Umma, wannan angon naki akwai girman kai. Ko gaisuwa ba ya amsawa."

Ban yi dariya ba. Ta ce ai dama ba ta sa rai ba.

Asabar, bayan Magariba

Na je lakca a Katsina. Na yi tunanin fasawa, Malam ya ce in tafi, Ulfa tana nan. Shekarata ta biyu ke nan a shirin ƙarshen mako, ina karanta yadda yaro yake girma da yadda hankalinsa yake ginuwa. Na shiga ne domin shekaru sun ja ina koyar da ƙananan yara harufa, na san yadda ake sa su su yi shiru, amma ban san abin da ke cikin shirun ba.

Bayan lakca na hau keke zuwa asibitin. Tana kwance ta fuskanci bango. Wata ƙanwar Kamalu ce ke jinyarta. Na zauna a kujera, na gaida ƙanwar, na tambaye ta jikin mai jiki. Da ita na yi ta magana, alhali wadda na zo dominta tana nan, hannuna zai iya kai mata.

Har na miƙe, sai na ji muryarta, ba ta juyo ba.

"Malama, yana cin abinci?"

Na ce, "Yana ci."

Ya lashi cokali jiya. A mota har gida Kankiya ina auna ko wannan ya isa a kira shi ci. Na yi istigfari a kan abin da ya rage.

Lahadi, da hantsi

Fura da nono, ya ƙi. Ƙwai, ya ƙi. Ya karɓi ɗan biskit daga hannun Malam, ya riƙe shi har ya narke.

Litinin, bayan Azahar

Kalmominsa ba su da yawa. Yana cewa "Abba," yana cewa "zo," yana kuma cewa "uwa." Ulfa ta ce ruwa yake nufi, haka yake faɗa tun a gida. Na san gaskiyarta. Mun karanta cewa harshen yaro a wannan shekara yana yar da harafin da ya yi masa nauyi, kuma babu yaron da ke kiran mahaifiyarsa da wannan kalma. Na sani sarai.

Amma yau ya tsaya a tsakar gida yana cewa uwa, uwa, na miƙa masa kofi, ya ture shi, ya ci gaba da faɗa. Na shiga ɗaki na rufe ƙofa na ɗan lokaci.

Ba na son jin zancen ruwa a kwanakin nan.

Talata, bayan La'asar

A takardun lakca akwai bayanin cewa yaron da aka raba da mahaifiyarsa yakan sami sauƙi idan aka ba shi wani abu mai ɗauke da ƙanshin jikinta. Na sa Ulfa ta buga wa Kamalu waya, ta roƙe shi ya aiko da zanen da take goya shi da shi, yadda yake, kada a taɓa shi.

Laraba, bayan Azahar

Zanen ya iso. Hajiya Karima ta wanke shi tas, ta goge, ta turara shi da turaren wuta, ta naɗe a cikin sabuwar leda. Ta aiko da saƙo cewa ita ba za ta aika wa surukai da kayan dauɗa ba, Kamalu ne bai san ya kamata ba.

Ban ga laifinta ba. Da ni ce, kafin in shiga wannan karatu, abin da zan yi ke nan, har in ƙara da sabulu.

Mannan ya shinshina zanen, ya dube ni, ya sake shi.

Alhamis, bayan Asuba

Ya Allah, Kai ne Mai ciyarwa. Ni miƙawa kawai nake yi.

Alhamis, bayan La'asar

Ulfa ta ce matsalar yaron nan ita ce an haɗa shi da kakar da ba ta san wasa ba. Ta ce, "Umma, kowace kaka tana tsokanar jikanta. Ki ce mashi mijin banza, bai kawo cefane ba. Ke kuwa kina kallonshi kamar zai biya maki hadda."

Da ta fita ɗebo itace na gwada. Na ce masa, "Maigida, ina cefanen yau?" Muryata ta fito kamar ina karanta sanarwa. Ya dube ni da manyan idanun nan nasa. Idanunta ne. Ban san na san idanunta haka ba.

Sai na rufe fuskata da mayafi, na buɗe, na ce, "Ga ni!" Na sake. A karo na uku gefen bakinsa ya motsa. An koya mana cewa da irin wannan wasa yaro yake gane cewa abin da ya ɓace masa yana nan, zai kuma dawo. Da na tuna haka sai na sauke mayafin, domin alkawari nake yi masa, kuma ban san ko a hannuna cikawar take ba.

Ashe Ulfa tana bakin ƙofa. Ta ce, "Wallahi sai na ba da labari a Islamiyya." Na ce ta kuskura.

Asabar, bayan Magariba

Ban je lakca ba. Jikinsa da ɗumi. Mun kai shi asibitin nan Kankiya, an auna shi, an ce ya rame amma ba a ga wata cuta ba, a dage da abinci.

Lahadi, da hantsi

Ya daina kuka.

Litinin, bayan La'asar

Ya daina leƙa labule. An taɓa ƙofa sau da yawa yau, bai ɗaga kai ba. Inda aka ajiye shi nan za a same shi, yana murza bakin tabarma da yatsa. Idan aka sa masa cokali a baki yakan karɓa wani lokaci, ya bar kunun a bakin bai haɗiye ba. Ko uwa ɗin ya daina faɗa.

Maƙwabta sun shigo suna yi mani barka. Wata ta ce, "Kai, Malama, hannunki da albarka. Ga shi nan ya haƙura." Malam ma da ya dawo daga makaranta ya tsaya ya dube shi, ya ce, "Madalla, namiji ya yi haƙuri." Hajiya Karima ta bugo waya, Ulfa ta gaya mata, na jiyo guɗarta daga inda nake zaune.

Ni ma na ce alhamdu lillahi. Gidan ya yi tsit, na sami barcin rana. Me ya sa nake jin kamar an yi mani rasuwa?

Laraba, bayan Azahar

An sallame ta. Tana Kusada, a ɗakin Hajiya Karima.

Alhamis, bayan Asuba

Ban san kalmar da na fi faɗa a rayuwata kamar haƙuri ba. Na faɗa wa ɗalibai, na faɗa wa matan da aka yi wa rasuwa, na faɗa wa kaina ranar da mahaifiyata ta goya 'yar Kusada ta fita da ita, ni kuma ina tsaye ina tankaɗe, ban ɗaga kai ba domin ana kallona. An ce mani daga baya ba ta ba da wahala ba, kwana kaɗan ta haƙura. Na ji daɗin wannan labari a lokacin. Shekaru da yawa ina jin daɗinsa.

Ba na cewa an yi kuskure. Mahaifiyata ta so ta fiye da yadda aka yarda ni in nuna, kuma ta tashi da tarbiyya. Tambaya kawai nake yi, tun da littafin nawa ne.

Asabar, bayan Magariba

Dokta Halima ta yi lakca a kan shaƙuwa da rabuwa. Ta ce ƙaramin yaron da aka raba da wadda ya shaƙu da ita farat ɗaya yakan bi matakai. Da farko ya yi bore, ya yi kuka, ya nema. Idan ba ta zo ba sai ya yi shiru, ya rage motsi, ya rage ci. Ta ce, "A nan ne manya suke cewa ya warke. Bai warke ba, ya daina sa rai ne." Idan abin ya daɗe, sai ya koma wasa da kowa, amma ya rufe ƙofar da ita take shiga.

Yaran ajin suna ta rubutu. Yawancinsu sa'o'in Ulfa ne. Ni alƙalamina ya tsaya.

Da aka tashi na bi ta har bakin ofis. Na ce ina da tambaya a kan wani yaro. Na zayyana mata komai, ina cewa wani yaro, wata mata, wasu mutane. Ta saurara har na gama, sannan ta cire tabarau.

"Malama Murja, yaron nan na jinga ne ko na gida?"

Na ce na gida ne.

Ta jawo mani kujera. Ta ce ita ba likitar mahaifiyar ba ce, ba za ta yanke hukunci a kan wadda ba ta gani ba. A tambayi likitan ko akwai haɗari idan ta ga ɗanta alhali akwai manya a wurin. Idan ya ce babu, kada a jinkirta. Ta ce raba yaro da nono abu ne guda, raba shi da mahaifiyarsa wani abu ne dabam, mu ne muka ɗaure su da igiya ɗaya. Ta kuma gargaɗe ni cewa ranar da za su haɗu wataƙila ya juya mata baya, kada kowa ya tsorata.

Na ce, "Dokta, jingar fa? An ce kada mu sa baki."

Ta ce, "Ki nemi wani yaron ki yi jinga da shi. Wannan ki sa baki."

Lahadi, bayan La'asar

Kamalu ya zo duba ɗansa. Ya ɗauke shi, yaron ya kwanta a kafaɗarsa kamar tsumma. Na yi abin da ban taɓa yi ba, na zauna na yi magana da surukina ido da ido. Kansa a sunkuye har na gama. Ya ce gobe za su koma ganin likita, zai tambaya.

Litinin, bayan Magariba

Likita ya ce babu laifi, in dai ba a bar su su kaɗai ba tukuna. Ya ce ma zai taimaka mata.

Hajiya Karima ta ce a'a. Da kanta ta kira ni.

"Malama, ke da kanki? Yaro ya haƙura, sai a tada mashi da tsohon ciwo? In ya gan ta yaye ya warware, ga shi ba nonon da za a ba shi. A bari a yi arba'in."

Na ce, "Hajiya, ba ya ci."

"Zai ci. Wane yaro ne yunwa ta kashe da tuwo a gabanshi?" Sannan muryarta ta sauka. "Ke ba ki nan ranar, Malama. Ni na gani da idona. Ni na karɓe shi daga bayanta."

Tsoronta na gaskiya ne, kuma ita ta kwana da shi, ba ni ba.

Talata, bayan La'asar

Na aiki Ulfa Kusada da fura da 'yan kayan dubiya. Ta dawo ba ta tsokani kowa ba. Ta zauna a bakin gadona tana cire ɗan kunne tana mayarwa.

Ta ce tun ranar da abin ya faru an rufe rijiyar gidan da kwano an ɗora dutse, yanzu daga maƙwabta suke jan ruwa. Ta ce Yaya tana shan maganinta, tana salla, tana amsa gaisuwa. Ba ta tambayi Mannan ba sai da Ulfa ta tashi tafiya. Sannan ta riƙe mata mayafi ta ce, "Ba yaye ba ne, ko? Ɓoye mani shi aka yi. Ki ce wa Malama ta yi daidai. Kada ta kawo shi."

Ulfa ta ce, "Umma, ita gani take hukunci aka yanke mata. Kuma gani take ke kika yanke."

Mu muna nan muna kiyaye al'adar yaye, ita tana can tana karanta shirunmu da wata fassara. Kuma daga ina za ta samo wata fassarar? Ban taɓa ba ta ko ɗaya ba.

Laraba, bayan Asuba

Bai haɗiye komai ba jiya sai ruwa.

Laraba, bayan La'asar

Na sami Malam a ɗakinsa yana duba littattafai. Na durƙusa na ce ina neman izini in kai yaron Kusada gobe. Na gaya masa abin da aka koya mana, da abin da likita ya ce, da abin da Ulfa ta jiyo. Na ce ina tsoron abin da muke kira haƙuri a wurin yaron nan yanke ƙauna ne, kuma shi ya fi ni sanin cewa ba ɗaya ba ne.

Na ɗauka zai ce in bar karatun boko a jami'a. Sai ya ce, "Jaririn da aka tsinta a kogi a gidan Fir'auna, mata nawa aka kawo masa ya ƙi?" Na ce da yawa. Ya ce, "Ba a ce masa ya yi haƙuri ba. Mayar da shi aka yi." Ya rufe littafin. "Shekara nawa ina karantar da wannan ƙissa."

Ya ce shi zai kira Hajiya Karima da kansa. Na ji shi a zaure yana ta ba ta girma, yana cewa alfarma yake roƙo, kuma ni zan zauna a wurin, ba zan matsa ko nan da ƙofa ba. Da ya shigo ya ce ta yarda, amma ta ce idan abin ya ɓaci ba ruwanta.

Idan ya ɓaci fa? Idan ganinsa ya mayar da ita inda ta fito? Na karanta shafi kaɗan a cikin ilimi mai faɗi, ina neman in ɗora rayuka biyu a kansu. Na yi istihara. Zuciyata ba ta karkata ga fasawa ba, iyakar abin da zan iya cewa ke nan.

Alhamis, bayan Magariba, Kusada

Zan rubuta shi a jere, domin kada in ƙara ko in rage.

Mun iso da hantsi, ni da Ulfa, Mannan yana goye a bayana. Hanya duk an baza gyaɗa ana shanya. Hajiya Karima ta tarbe mu da fuska ba yabo ba fallasa, ta shimfiɗa mana tabarma a rumfa. Ta leƙa ɗaki ta ce, "Fito, ga baƙi."

Ta fito tana dafa bango. Ta rame ƙwarai. Ta durƙusa daga nesa ta ce, "Malama, ina kwana." Idonta a ƙasa, ba ta dubi bayana ba.

Na kwance shi na tsayar da shi a tsakiyar tabarma.

Ya dube ta. Ya daɗe yana dubanta. Sannan ya juya mata baya, ya zo ya cusa fuskarsa a cinyata.

Hajiya Karima ta ce, "To, kin gani." 'Yar Kusada ta yi wani ɗan murmushi wanda ban so ba, ta ce a hankali, "Ya manta ni. Gara haka." Ta dafa ƙasa za ta tashi.

Ban san lokacin da na miƙa hannu ba. Na kama wuyan hannunta. Rabon da in taɓa jikinta da gangan tun tana goye. Hannun ba nauyi, kamar na yarinya.

Na ce, "Zauna."

Ta dube ni.

Na ce, "Bai manta ki ba. Wanda aka manta ba a juya masa baya. Maƙwabta suna shigowa kullum, kallonsu yake yi kamar bango. Ke kaɗai ya yi wa haka. Fushi yake yi da ke domin kin daɗe."

Ta ce, "Malama, ba ki san abin da na…"

Na ce, "Na sani. Ciwo ne, kuma ana magani. Babu wanda ya yanke maki hukunci. Ni na kawo shi da ƙafata. Ki zauna kawai, kada ki kira shi, kada ki jawo shi."

Ta zauna. Ban saki hannun ba, ita ma ba ta janye ba. Ulfa ta ɗauko tiren gyaɗa ta fara ɓarewa don ta sami abin yi, Hajiya Karima ta zauna a kan turmi tana jan carbi da ƙarfi. Akuya ta shigo, aka kore ta. Na ji numfashinsa da ɗumi a cinyata. Na fara tunanin na yi kuskure, na fara shirya abin da zan ce wa Malam.

Sai ya ɗago ya leƙe ta ta ƙarƙashin hannuna. Ya mayar da fuska. Ya sake leƙawa. Can ya sauka, ya taka zuwa gare ta yana tangaɗi, ya tsaya a gabanta. Ya ɗaga hannu ya mare ta a ƙirji. Ya ƙara. Sannan ya buɗe baki.

Ban taɓa jin kuka irin wannan ba. Har maƙwabta suka leƙo ta katanga. Yana kuka yana dukanta yana cusa kai a wuyanta, ita kuma ta rungume shi tana cewa, "Na'am, na'am, na ji, yi haƙ…" sai ta haɗiye kalmar, ta ce, "Yi kukanka."

Ya nemi nono. Wannan ne wurin da na fi tsoro. Ya ja rigarta, ta dube ni, na girgiza kai. Ta riƙe hannunsa ta ce, "Babu, Mannan. Babu. Amma ga ni." Ya yi ta birgima a cinyarta, bai sauka ba, ita ma ba ta sauke shi ba.

Hajiya Karima ta share ido da bakin mayafi ta ce, "Shi ke nan, Malama, kin ɓata mana yaye."

Na ce, "Na ɓata, Hajiya. A yafe mani."

Ta ce, "Ke Ulfa, tashi ki hura wuta. Angon Ummarki ya yi aiki, yunwa zai ji."

Juma'a, bayan Asuba, Kusada

Ya sha kunu jiya da La'asar, yana zaune a cinyarta, ni ina miƙa cokali. Ya haɗiye. Ya ƙara da Magariba. Ya ɓata mata riga, ya ɓata mani zane.

Mun kwana ɗaki ɗaya, mu biyar har da Hajiya Karima da Ulfa. Ba a gama ba. Magani yana nan, komawa asibiti tana nan, dutsen yana nan inda aka ɗora shi. Malam da Kamalu sun yi magana, za ta zo Kankiya ta yi jinya tare da ɗanta. Na aika wa Dokta Halima cewa gobe ma ba zan sami zuwa ba.

Da na idar da salla na same ta zaune, yana barci a jikinta, ya damƙe bakin rigarta da hannu ɗaya. Ta yi magana ƙasa-ƙasa don kada ya farka.

"Malama, ni da aka kai ni Kunduru, na yi kuka?"

Na ce, "An ce ba ki yi ba sosai."

Ta gyaɗa kai.

Na ce, "Ni na yi."

Ta dube ni kamar yadda shi ya dube ta jiya. Ta ɗan matsa gefe a kan tabarmar, na zauna.